Ruwan Talata

Nicanor na cikin magudana yana kokawa da wata saiwar ƙaya da ta ƙi fita, sai ya ji muryar matarsa daga kan katangar lambu.

"Fito, tsoho! Ga motar hukuma can ta ɓullo kan gada!"

Ya saki saiwar, ya dafa bakin magudanar ya yunƙura, gwiwarsa ta yi ƙara. Shekararsa saba'in da takwas, amma yadda ya hauro ya nufi dandali sai ka rantse an rage masa talatin. Matar tasa, Herminia, ta bi shi da ido tana girgiza kai. Shekara goma sha tara ke nan suna zaune a hawa na huɗu a birnin Zaragoza, inda duk abin da yake ba ruwa bai wuce tukwanen furanni biyu a bakin taga ba. Tun da wasiƙar nan ta zo a watan Maris kuwa, ko barcin rana ya daina.

Wasiƙar ta hukumar ruwa ce, kuma ba ta yi dogon zance ba. Magudanar da ke kawo ruwa daga kogi zuwa garinsu, Arzuela, ta daɗe ba a amfani da ita, wani kamfanin kiwon aladu da ke gangare ya nemi a ba shi rabon, don haka za a aiko ma'aikaci cikin watan Yuni ya duba. In ya tarar ana ban ruwa, shi ke nan. In ya tarar da kango, an soke haƙƙin garin har abada.

To, Arzuela dai kango ce, wannan ba mai musu ko a cikinmu 'yan garin. Gida arba'in da ɗaya, mai rufin kirki bai kai goma ba. Makaranta ta zama ɗakin jemagu. Ƙararrawar coci ma shugabannin cocin sun sauke ta sun tafi da ita birni don kada ɓarayi su riga su. Amma a ganin Nicanor, garin da ke da ruwa barci kawai yake yi, wata rana wani jika zai gaji da birni ya dawo ya ɗauki fartanya. Wanda aka ƙwace wa ruwa kuwa, sai dai a zo a ɗebi duwatsunsa a yi gini a wani wuri.

Shi ya sa ya kira gayya. Ya zauna da waya ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya, wanda ya roƙa ya roƙa, wanda ya zaga ya zaga. Mutum ashirin da uku suka amsa, daga Zaragoza da Barcelona, har da wata daga Faransa, kuma ƙaramin cikinsu shekararsa hamsin da biyu. Kwana huɗu suka yi suna sara da haƙa da kwashe laka, ana ƙorafin ciwon baya ana dariya, har suka share magudanar tun daga kogi zuwa kwamin wanki da ke tsakiyar gari. Ba a saki ruwan ba tukuna. Nicanor ya ce sai a gaban hukuma, don ta gani da idonta.

Wadda ta fito daga motar yarinya ce da ba ta wuce talatin ba, da takalmin daji da 'yar kwamfuta a hannu. Ta ce sunanta Rebeca.

"Sannu da zuwa, 'yata," in ji Nicanor, yana goge hannu a wando. "Hanya ba ta ba ki wahala ba?"

"Sau biyu na ɓata, Baba. Allon sunan garinku ya faɗi."

"Jiya muka ɗaga shi!" Abundio ne ya amsa, tsohon direban bas, mutumin da muryarsa ba ta taɓa buƙatar lasifika ba.

"To ya sake faɗuwa," ta ce. "Ku yi haƙuri, ƙarfe sha biyu zan kama hanya, akwai garuruwa biyu da ke jirana. Ina gonakin da ake ba ruwan?"

Abundio ya wuce gaba yana buɗe ƙirji. Ya kai ta bayan coci, inda aka kafce wani ɗan fili aka jera kunya uku na albasa mai lawashi, kore shar, a miƙe kamar sojoji. Nicanor bai san da wannan aiki ba, shi yana can yana fama da magudana. Rebeca ta durƙusa ta kama guda ta ja a hankali. Albasar ta biyo ta ba gardama, gindinta a yanke fes, da robar kanti ɗaure a ƙugunta.

Ta ɗaga ta sama kowa ya gani.

"Wa ya shuka wannan?" ta tambaya.

"Irin zamani ne, 'yata," in ji Abundio. "Ba ya son saiwa."

Yarinyar ta yi ƙoƙarin riƙe fuska, abin ya gagara, ta fashe da dariya, jama'a suka taya ta. Herminia ta ce, "Kai ko robar ba ka iya cirewa ba, Abundio? Shekara arba'in kana tuƙa mutane ba ka kashe kowa ba, wallahi ikon Allah ne."

Nicanor kaɗai bai yi dariya ba, don ya ga yadda fuskar yarinyar ta koma bayan ta gama.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba," ta ce masa. "Wannan ba zan rubuta shi gona ba. Kuma ruwa a cikin magudana daban, ban ruwa daban. Amma ku nuna mini ya iso gari kafin in tafi, in ɗauki hoto, in rubuta abin da na gani. Wataƙila manya su ba ku shekara guda."

"Zai iso," in ji Nicanor. "Ki shirya takalminki, yau za ki yi gudu."

Ya shiga abin da ya rage na gidan mahaifinsa ya fito da mabuɗin ƙofofin ruwa, wani ƙarfe mai tsawon hannu da lanƙwasa a kai. Mahaifinsa ne sarkin ruwan Arzuela kafin shi, kakansa kafin mahaifin, kuma duk shekarun Zaragoza ƙarfen na bayan kabad a naɗe cikin tsohuwar riga, yana shafa masa mai duk ƙarshen shekara. Ya rungume shi ya kama hanya.

"Ni ma bai taɓa riƙe ni haka ba," Herminia ta ce wa Rebeca. "Ku je, ƙafata ba ta kai kogi. Ni da wasu matan za mu jira ku a mararrabar ruwa."

Ƙarfe goma da 'yan mintuna suka isa madatsa. Kogin na sauka da sauran ruwan ƙanƙarar duwatsu, mai sanyi, yana dukan ƙyauren ƙarfen da ya tare shi shekara goma sha tara. Nicanor ya zura mabuɗi ya murɗa. Ko motsi. Ya tofa yawu a tafi ya sake. Abundio ya kama, wasu biyu suka kama, aka yi ɗaya, biyu, uku, sai ƙarfen ya yi wani kuka kamar na jaki, ya ɗaga da faɗin yatsa huɗu.

Ruwa ya kutso ta ƙasa, baƙi da laka, ya yi ɗan turus kamar baƙon da ke tambayar ko nan ne gidan, sannan ya miƙa.

"Ya tafi!" Abundio ya ƙwala. "Ku bi shi! Ku bi shi, tsofaffin banza!"

Wanda bai ga wannan gudu ba an bar shi a baya. Mutanen da likita ya hana hawan bene suna tsallake duwatsu. Kan ruwan na tafe yana tura busassun ganyaye da ƙirare a gabansa, ƙasa na sha tana ƙara, ƙamshin jiƙaƙƙen turɓaya ya tashi ya cika kwarin. Inda ya tsaya, Nicanor ya riga kowa gani, ya sa fartanya sau biyu, ya wuce. Wani ya yar da hularsa a ciki don ya ga saurinsa, sai da ya yi ta binta yana ihu a tare masa. Matar da ta zo daga Faransa ta kira uwarta a gidan tsofaffi, ta kara wayar a bakin magudana tana kuka tana cewa, "Mama, saurara! Kin ji? Namu ne!" Abundio na haki yana miƙa wa kowa salkar ruwan inabi, har Rebeca, wadda ta ce tana bakin aiki, amma takalminta ya riga ya yi kaca-kaca kuma bakinta har kunne.

Nicanor na gaba, kafaɗa da kafaɗa da kan ruwan, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa yadda ake lallashin saniya. Farin cikin da ke ransa ya fi ƙarfin ƙirjinsa. Ya san kowane lanƙwasa, ya san dutsen da ruwan zai zagaya da wanda zai haye, kuma ruwan bai ba shi kunya ba ko sau ɗaya.

Sha ɗaya saura kwata suka iso mararraba, mata na tafi suna guɗa. Wurin wani ɗan tafki ne na dutse mai ƙofa biyu. Ta dama ita ce ta Arzuela, tafiyar minti ashirin ruwa ya isa kwami. Ta hagu tana shiga ƙarƙashin wani faifan dutse ta zagaya bayan tsauni zuwa Valdarejo, ƙauyen gida tara da ya mutu tun Arzuela na da makaranta da kanti biyu. Mu kan kira mutanen can ƙadangaru, don a kan dutse suke shan rana, su kuma su ce mana kwaɗi. A kwana huɗun gayya ba wanda ya ko leƙa ɓangarensu.

Tafkin ya fara cika. Nicanor ya tsallaka zuwa ƙofar dama ya zura mabuɗi. Jama'a suka fara ƙirga masa. Sai idonsa ya faɗa kan tsayayyen dutsen da ke gefen tafkin, da tsagar da kakanni suka sassaƙa a ƙasa, da inuwar dutsen da ke can nesa da tsagar. Hannunsa ya tsaya.

"Yau wace rana?" ya tambaya.

"Ranar da za ka murɗa ƙarfen nan," in ji Abundio. "Murɗa!"

"Na ce wace rana ce?"

"Talata, Baba," Rebeca ta amsa.

Nicanor ya zare mabuɗin. "Talata daga fitowar rana har inuwa ta taɓa tsaga, ruwan Valdarejo ne."

Aka yi dariya, ana tsammanin wasa yake. Da aka ga ya juya ya nufi ƙofar hagu, dariyar ta ɗauke.

"Kai, Nicanor, rana ce ta taɓa ka?" Abundio ya sha gabansa. "Wa ke Valdarejo? Mujiya? Shekara hamsin ba wanda ya hura wuta a can!"

"Ban ce akwai kowa ba. Na ce rabonsu ne."

"Yaushe inuwar za ta taɓa tsagar?" Rebeca ta tambaya.

"Tsakar rana ta gaskiya, 'yata, ba ta agogon gwamnati ba. Wajen ƙarfe biyu."

"Baba, sha biyu zan tafi. Ba ni na tsara ba."

Nan fa wuri ya kaure. Wannan na cewa daga Barcelona ya taso da kuɗin mansa, waccan na nuna kantar da ta fito mata a tafi, wani na cewa a ƙwace ƙarfen kawai. Abundio ya kama kan mabuɗin, Nicanor ya riƙe gindin, tsofaffi biyu suna ja kamar yara a kan rake.

"Kai ka tara mu!" in ji Abundio. "Kai ka hana mu barci wata uku! Yanzu za ka miƙa wa aladu ruwan ubanka saboda matattun ƙadangaru?"

Maganar ta soki Nicanor, don gaskiya ce. Ya san abin da yake shirin jefarwa, ya fi kowa sani. Amma akwai abin da su ba su sani ba. Shekarar farin nan, yana ɗan ashirin da huɗu, sabon aure, mahaifinsa na kwance ba lafiya, mabuɗi ya dawo hannunsa. Wakensa na ƙonewa a lambu. Talata uku a jere ya rufe ƙofar Valdarejo saura awa guda inuwa ta taɓa tsaga, ya juyar da ruwan gida. A lokacin gida ɗaya ya rage a can, na Casilda, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, kuma lambunta ne na ƙarshe a layi, awar ƙarshen nan ita ce tata. Ba ta kai ƙara ba, ba ta zage shi ba. Da kaka ta yi, ta ɗaure katifu a kan motar kaya ta tafi Barcelona, Valdarejo ta rufe. Kowa ya ce fari ne ya kore ta. Mutum ɗaya Nicanor ya taɓa gaya wa gaskiya, matarsa.

Herminia ta ratso jama'a tana ɗingishi, ta ɗora hannu a kan na Abundio.

"Sakar masa."

"Herminia, ke ma?"

"Na ce sakar masa. Ku kuka ce shi ne sarkin ruwa, har tafi kuka yi masa ɗazu. To sarki ya yi magana." Ta juya ta dubi mijinta. "Kai kuma in za ka yi haukan, yi shi da sauri, tafkin na shirin ambaliya."

Nicanor ya zura mabuɗi a ƙofar hagu. Ya yi zaton zai sha wuya, sai ƙyauren ya ɗaga sumul kamar jiya aka shafa masa mai. Ruwa ya shige ƙarƙashin faifan dutse ya ɓace. Mutane suka zazzauna a kan duwatsu, ba mai kallon wani. Rebeca ta duba agogo ta fara rubutu.

Shi kuwa yana tsaye, kai a karkace, yana saurare. Magudanar da ta shekara hamsin a toshe ya kamata ta tofo ruwan baya cikin minti biyu. Minti biyu suka wuce, uku, biyar. Tafkin sai raguwa yake.

"Ruwan nan tafiya yake yi," ya ce.

"To sai me?" in ji Abundio, ko ɗaga kai bai yi ba.

Nicanor ya saɓa mabuɗi a kafaɗa. Ya haye faifan dutsen, ya zagaya tsaunin, sai suka ji ihunsa daga can baya: "Ku zo! Ku zo ku gani! 'Yata, taho da kwamfutarki!"

Magudanar Valdarejo a share take tas. Ƙaya a sare an tara ta gefe, bakin magudanar da sabon sawun fartanya, inda bango ya zube an jera duwatsu an liƙe da laka, aikin wanda ya san abin da yake yi. Ruwa na gudu a ciki har ya yi musu nisa.

"Jar motar nan!" wata ta ce. "Wadda muke gani tana hawa tsohuwar hanya! Ni na ɗauka masu zuma ne!"

Gudu ya sake ɓarkewa, wannan karon ba wanda ya san inda za a ƙare. Abundio da ya rantse ba zai ƙara taku ɗaya ba shi ne na biyu. Suka bi magudanar ta gefen tsauni, suka ratsa tsakanin bangaye marasa rufi, suka wuce wani gida da ɓaure ya tsiro a tsakiyar madafarsa, suka ɓullo bayan gida na ƙarshe.

Ga 'yar jar mota a inuwar bango, jarkokin ruwa fanko jibge a gefenta. Ga kunya takwas na wake ya hau kara ya kai ƙirji, har ya fara fure. A bakin kunyar farko wata mata ce tsaye, 'yar sittin da wani abu, da malafa da takalmin roba, fartanya a hannu. Ruwan ya iso ƙafarta daidai lokacin da suka iso. Ba ta ko dube su ba. Ta sa fartanya ta fasa bakin kunya, ta tare da ƙafa, ta tsaya tana kallon yadda yake bi gindi-gindi, sai da ya kai ƙarshe sannan ta ɗago.

"Kun makara, kwaɗi," ta ce. "Tun fitowar rana nake tsaye."

"Ke wace ce, baiwar Allah?" in ji Abundio.

"Kai ne Abundio, mai satar mana ɓaure. Muryarka ba ta tsufa ba. Remedios ce, ta gidan Casilda."

Sai ihu da rungume-rungume. Matan suka yi mata caa da tambaya. Ta ce a jarida ta ga sanarwar hukuma, da ranar da za a zo dubawa. Ta duba kalanda ta ga Talata ce. Tun watan Afrilu take zuwa daga garin da 'yarta ke aure, ta share magudana kaɗan-kaɗan, ta shuka waken, tana ɗauko masa ruwa a jarka. Ita ce ma ta shafa wa ƙyauren mai.

"Me ya hana ki zo ki gaya mana?" Herminia ta tambaya.

"In roƙi rabona? Talata ce. Ba sai an gaya wa sarkin ruwa ba."

Rebeca ta riga ta shiga cikin kunyoyin tana ɗaukar hoto ta kowane gefe. Ta durƙusa ta kama gindin wake guda ta ɗan ja, ya ƙi biyo ta, ta waiwayo ta dubi Abundio, jama'a suka kwashe da dariya. Ta nemi cikakken sunan Remedios, ta auna filin da taku, ta zauna a kan bango tana bugawa da yatsa biyu.

"Takardar haƙƙin guda ɗaya ce," ta ce. "Arzuela da Valdarejo, magudana ɗaya. Ga abin da na rubuta, ku ji: ana ban ruwa, fili ɗaya, wake, a Valdarejo. Hukunci ba nawa ba ne, amma ban taɓa ganin an soke wanda aka rubuta wa haka ba."

Wurin ya ɗauki sowa. Hulunan da suka rage suka tashi sama. Abundio ya ɗaga yarinyar cak ya juya da ita, sannan ya ajiye ta ya dafe ƙugu yana nishi.

"Ƙadangaru," ya ce. "Ƙadangaru ne suka cece mu. Don Allah kada wanda ya kai wannan labari Zaragoza."

"Ni zan kai," in ji Remedios.

Sha biyu saura Rebeca ta yi sallama, aljihunta cike da cuku da burodin da aka tura mata dole. Jama'a suka ɗunguma gari, inda wainar ƙwai da dankali ke jira tun safe, suna jan Remedios, ta ce sai ta gama da ruwanta. Herminia ta dubi mijinta, ta dubi matar, ta ce ita za ta yi gaba, kuma tunda ba ƙararrawa, in tsakar rana ta yi za ta buga tukunyar gas yadda kowa zai ji.

Suka rage su biyu. Nicanor ya zauna a kan bango, mabuɗi a cinya. Duk murnar da ta ɗauko shi tun safe tana nan, amma kunya ta zo ta zauna a gefenta. Remedios na bin kunyoyi, ta buɗe wannan ta toshe waccan, yadda uwarta ke yi. Haka rana ta yi ta hawa har ta kusa tsaka.

"Casilda fa?" ya tambaya daga baya.

"Shekara shida da rasuwa. A Barcelona, a hawa na bakwai."

"Allah ya jiƙanta."

"Amin." Ta toshe wata kunya da dunduniya. "Wannan irin nata ne. A gwangwani take ajiye shi, duk shekara ta shuka ƙwaya biyar a tukunya don kada ya mutu."

Nicanor ya buɗe baki da maganar da ya shekara hamsin da huɗu yana shiryawa.

"Remedios, shekarar farin nan..."

"Ina kan wancan dutsen da akuyarmu," ta ce, ta nuna da haɓa, ba tare da ta daina aiki ba. "Daga can ana hango mararraba. Sau uku na gan ka. Na gaya wa Mama, ta ce in rufe bakina, matarka na da ciki."

Ya sunkuyar da kai. Ruwa na wucewa ta gabansa, ya riga ya washe, har ana ganin tsakuwar ƙasa.

"Da na taho yau," ta ce, "ban san ta wace ƙofa za ka fara ba. Na ce bari dai in zo in tsaya."

Can daga gangare sai ƙarar ƙarfe ta taso, kwam, kwam, kwam, Herminia na dukan tukunyar gas da iyakar ƙarfinta. Bayan ta, muryar Abundio ta ratso kwarin gaba ɗaya: "Nicanooor! Inuwa ta taɓa! Sako mana ruwaaa!"

Remedios ta jingina da fartanya ta dube shi. Saura kunya biyu ba su sha ba.

"Ana kiran ka, sarki."

Nicanor ya ɗaga mabuɗin daga cinyarsa ya ajiye shi a ƙasa, ya jingina bayansa da bango, ya jawo hula ya rufe ido.

"Sun jira shekara sha tara," ya ce. "Awa uku gidanku ke bina bashi. Ba za su mutu kafin ƙarfe biyar ba."